Itacen da na kashe da ruwan alwala

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin da ludayi a hannu. Anti Balaraba ta rasu a Riyadh. Har an yi mata sallah an kai ta, ni ina nan Kaduna ina dama koko.

Na kashe gas na zauna a ƙasa.

Kafin azahar na ga hotonta ya fara yawo a guruf ɗinmu na tsofaffin ma'aikatan jinya na Saudiyya. "Allah ya jiƙan Hajiya mai tukwane." Wasu daga cikin masu rubuta hakan, da kunnena na ji su suna cewa zaman Riyadh ya taɓa mata kai, wai tana hira da itace. Ban manta ba, kuma ba yau zan fara mantuwa ba. Amma ku 'yan guruf, ba dominku na zo ba. Na zo ne in faɗi ko mene ne a cikin tukwanen nan, tunda a cikinku babu wadda ta taɓa tambaya.

A shekarar casa'in da uku na sauka Riyadh, sabuwar nas, sabuwar amarya, bakina ya fi ni girma. Anti ungozoma ce a asibitin da aka ɗauke ni, 'yar Gusau, ta girme ni da kusan shekara ashirin. A bene ɗaya muke a unguwar Suwaidi, ita a samana.

Ranar da muka tare ta sauko da tuwo da miyar kuka. Ta dubi kwalayen littattafaina da suka cika falo, ta ce, "Ke abinci kika zo da shi ko takarda?"

Na ce takarda.

Ta ce, "To ci wannan tukuna. Takardar ba ta tsami."

Ita ta rage mini tsawon abaya da hannunta, don na sha faɗuwa a matakala. Ita ta koya mini Larabcin ɗakin haihuwa, wanda babu shi a littafi ko ɗaya da na zo da shi. Ranar da na tashi zan wanke shugabar sashenmu tas a gaban mutane, sai na ji an mintsine ni a ƙugu. Ta raɗa mini, "Dije, igamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, tana hannun mutane. Harshenki ne kaɗai a hannunki. Riƙe shi."

Na riƙe shi. Na minti goma.

Tukwanen biyu ne, a saman bene take ajiye su lokacin sanyi, in zafi ya shigo ta sauko da su bakin taga. Na farko wani abu ne kamar an dasa tulu a ƙasa: ciki a kumbure, launin toka, da santsi kamar fatar mutum, sai 'yan rassa gajeru a ka. Yakan yi watanni babu ganye ko ɗaya, sai ka rantse ya mutu, sai wata safiya ka ga fure ruwan hoda ya fito a kan reshe tsirara. Tumbi take ce masa. Na biyu ko reshe ba shi da shi, ganye ne dogaye masu tsini kamar an tara wuƙaƙe an kafa, bai kai gwiwata ba. Shi kuma Dogo.

Na ce, "Anti, waɗanne irin munanan abubuwa ne waɗannan?"

Ta ce, "Gaishe su. Baƙi ne, sun fi ki nisan gida."

Ba nata ba ne. Na wata maƙwabciyarta ce, Ummu Sa'id, matar wani tela, mutuniyar wani tsibiri na ƙasar Yemen da ake kira Sukutura. Lokacin da za a kawo ta Riyadh, uwarta ta hau dutsen bayan gidansu ta tsinto mata irin itatuwan nan biyu, ta ƙulle mata a gefen mayafi. A nan ta shuka, da yawa suka ƙi, waɗannan biyu suka yarda. Uwar kuma ta rasu ba su sake ganawa ba.

Sai rikicin Kuwait ya tashi, aka ce wa 'yan Yemen kowa ya nemi kafil, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa, ko ya kama hanya. Cikin 'yan makonni suka tattara. Anti ta ce matar nan ta ga an fita da keken ɗinkin mijinta ba ta yi kuka ba, ta ga an fita da gadonta ba ta yi kuka ba. Da ta ɗauko tukwanen nan ta hau da su wajen Anti, a nan ta durƙushe. Motar da za su shiga ba wurin tukunya, mutane ma a kan kaya suke zama. Ta ce, "Ki riƙe mini, zan dawo."

Anti ta ce na riƙe. Shi ke nan maganar da aka yi.

Ni ban taɓa ganin Ummu Sa'id ba. Muryarta na sani. Ba ta rubutu, saboda haka kaset take aikowa, ta hannun wani mai shagon turare a kasuwar Baɗaha da matafiya ke sauka wajensa. Wani lokaci wata uku, wani lokaci rabin shekara, don akwai watannin da iska ke rufe tsibirin, jirgin ruwa ba ya zuwa, na sama ba ya sauka. A kowane kaset, bayan gaisuwa, tambayarta ta farko ita ce itatuwan. Anti kuma ta zauna gaban rediyo ta ba ta rahoto kamar mai miƙa duti a asibiti: Dogo ya ƙara ganye uku, Tumbi ya yi fure bakwai, ɗaya iska ta kaɗe.

Akwai hoto guda da ta bar mata, na irin Dogo in ya girma. Ban taɓa ganin itace haka ba. Gangar jiki miƙe, a sama rassa sun cunkushe sun baje kamar ƙatuwar laima. In aka tsaga ɓawonsa, ruwa ja ke fitowa, Larabawa suna ce masa jinin 'yan'uwa biyu. Anti tana da ɗan guntun ƙaronsa a gwangwanin alewa, ja wur kamar garwashi. Ta ce matan can da shi suke yi wa tukwane zane.

Ni kuwa, da yake na iya karatu, sai da na binciko. Na samo tsibirin a taswira, ɗigo ne a teku. Na karanta cewa da yawa daga tsirransa babu su a ko'ina a duniya sai can. Har da wani ɗan'uwan kokwamba da ya ƙi yaɗo ya tashi ya zama bishiya. Na hau sama ina ta zuba wa Anti ilimi.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Littafin ya faɗi yadda ake raya su a Suwaidi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To rufe, miƙo mini kwalbar can."

A casa'in da biyar, tsakiyar zafi, ta tafi hutu gida. Cikin duk matan benen ni ta zaɓa. Ta sauko da tukwanen da kanta, ta ajiye a bakin tagar falona, ta tsayar da ni kamar 'yar firamare.

"Dogo ba ta saiwa ya fi sha ba. A garinsu gajimare ke sauka a kan dutse, ganyensa ya kama. Ki fesa masa da wannan kowace safiya." Kwalbar fesa ce irin ta masu guga. "Tumbi kuma kofin shayi ɗaya, sau biyu a wata. A tsagar dutse yake fitowa, ruwansa yana cikinsa. Ko kin ga yana kuka, kada ki ƙara."

Na ce, "Anti, jarirai nake raya wa mutane a kwalba. Itace ne zai gagare ni?"

Ta ce, "Shi ya sa nake maimaita miki."

To ga abin da ya faru.

A gidanmu a Funtuwa akwai lemun tsami a tsakar gida, kuma kowa a gindinsa yake alwala. Kakata ba ta yarda a zubar da ruwan alwala a kan siminti. Takan ce a ba mai rai. Da haka na tashi, da haka duk gidajen unguwarmu suke: inda buta take, nan zogale yake, nan lemo yake.

Mako na farko na bi umarni. Mako na biyu Tumbi ya zubar da sauran ganyensa, fatarsa ta ɗan yamutse. Waje kamar tanderu. Ina alwala a banɗaki, ruwa yana bin rariya, ga bawan Allah can a falo ya bushe. Na ce a raina wannan ai zalunci ne, Anti dai tsufa ya fara sa ta rowa. Na ɗauko kujera 'yar tsuguno da buta, na zauna a gaban tukunyar, na yi alwalata a cikinta.

Ranar aiki sau uku. Ranar hutu sau biyar. Ga esi yana ta busa sanyi, ga labule a sake.

Har daɗi nake ji. Ina cewa in ta dawo za ta ga yadda ake kiwo.

A mako na biyar na fara jin wani wari a falo. Na duba firij, na duba shara. Sai na taɓa cikin Tumbi, babban yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda.

Abin da na yi bayan nan ya fi kisan muni, kuma zan faɗa. Na juye gawar a leda na kai bola. Na sa maigidana ya yi ta zagawa da ni wuraren sayar da shuke-shuke har muka sami wani mai kama da shi, irin kariyar nan ta dajinmu mai jan fure, wadda dama danginsa ce ta nesa. A mota ya ce, "Hadiza, ki faɗa mata gaskiya mana." Na ce masa ya kula da titi.

Na dasa a tukunyar Tumbi. Har duwatsun saman na jera yadda suke.

Ranar da ta dawo ko ɗakinta ba ta hau ba. Ta shigo da abayarta da jakar hannu, ta miƙo mini ƙullin kilishi da daddawa, ta ce, "Ina yarana?"

Ta shafa ganyen Dogo, ta ce sannu. Ta juya ga ɗayar tukunyar. Ba ta ko sunkuya ba.

Ta ce, "Wannan kuma ɗan wa ne?"

Na buɗe baki. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya kawo mini ɗauki.

Ta zauna a ƙasa. Ta ce in kawo mata shi ko ya ruɓe, wataƙila akwai reshen da za a ceta. Na ce na zubar tun kwana goma. A nan ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Ni kuma in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce, "Haba Anti! Itace ne fa! Mu da muke rufe wa mutane ido a asibiti, a kan itace za ki zauna kina kuka?"

Ta ce, "Na san itace ne, Dije. Ba nawa ba ne."

Ta ɗauki Dogo ta hau. Tukunyar da baƙon da ke cikinta ta bar mini.

Na jira faɗa, bai zo ba. Washegari ta aiko da danwake. Ran Juma'a ta aiko da waina. A motar asibiti ta ci gaba da ajiye mini wuri kusa da ita. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan mako biyu, wata ranar hutu da hantsi, ta sauko da rediyonta da sabon kaset. Ta ajiye a tsakiyar falo ta ce, "Zauna. Ke za ki faɗa mata."

Na ce, "Anti, ki ce zafi ne. Wa zai ƙaryata zafin Riyadh? Tana can bayan teku, me za ta sani?"

Ta ce, "Shi ya sa. Wanda yake kusa zai iya zuwa ya duba. Ita ba ta da komai sai abin da na gaya mata. In na yi mata ƙarya a kan Tumbi, gobe in na ce Dogo yana lafiya, me ke nan na faɗa?"

Na ce, "In ta ce ki miƙa Dogo ga wani fa? In ta daina aiko miki?"

"Nata ne."

Ta danna jan maɓalli.

Da gurgun Larabcina na yi bayani. Na faɗi sunana da na ubana. Na faɗi lemun gidanmu, da kakata, da buta. Na faɗi sau nawa a rana. Da na zo wajen wanda na sayo na dasa, na yi shiru, na ɗauka za a tsallake. Anti ta zungure ni da ƙafa. Na faɗa. Ita kuma ta karɓa ta ce laifin farko nata ne, ita aka ba, ita ta ba wani.

Muka kai Baɗaha. Sai jira.

Wata bakwai. Duk Alhamis sai ta sa an biya da ita shagon mai turaren nan, ya girgiza kai tun daga nesa. Ba ta taɓa cewa uffan ba, amma na ga yadda take dawowa. A watannin nan ne wasu suka fara cewa ta zare. Ba zarewa ta yi ba. Jiran hukunci take a kan laifin da ni na yi.

Da kaset ɗin ya zo ba ta saurara ita kaɗai ba. Ta sauko da shi a leda, ko buɗewa ba ta yi ba.

Iska muka fara ji, da kukan awaki. Sai muryar, a shaƙe, tana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabtan da suka daɗe da tashi. Inda ban gane ba Anti tana fassara mini. Ta ce saƙo ya iso. Ta ce ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci ba, don da hannun uwarta aka tsinto irin, kuma dutsen yana nan cike da irinsa amma hannun babu.

Sai shiru, kaset yana ta juyawa. Na ɗauka ya ƙare.

Sai muka ji dariya. Ta ce, "Ya Balaraba, a wajenmu akuya ke kashe su, ko fari. Na tambayi tsofaffin garin nan kaf, babu wanda ya taɓa jin wanda sallah ta kashe."

Ta ce, "Ki tambayi yarinyar, duk sallolin nan da ta yi a kansa, ta sa uwata a addu'a? In ba ta sa ba, ta fara. Sunanta Salma."

Ta ce, "Ɗayan ya zauna a wajenki. Amma don Allah kada ki ba yarinyar."

Anti ta yi dariya har da riƙe ciki, hawaye yana zuba. Ni ban yi dariya ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban fito ba sai la'asar.

Kuma ta bi umarnin. Daga ranar ko albasa ba ta sake ba ni ajiya ba. In za ta tafi hutu, wata 'yar Sudan take kai wa Dogo, a gabana, tana wucewa ta ƙofata da tukunyar a rungume tana cewa, "Dije, kawar da butarki, za mu wuce."

Ganinmu na ƙarshe a casa'in da tara ne, kwana biyu kafin mu dawo gida gaba ɗaya. Na sami Anti a saman bene da safe. Shekara shida ina kallon Dogo, da ƙyar ya wuce gwiwata. Na ce, "Anti, yaushe zai yi laimar nan ta hoto?"

Ta ce, "Ba a idona ba. Ba a idonki ba ma."

Na ce, "To Ummu Sa'id za ta dawo kuwa?"

Ta ce, "Ba ta ce ta fasa ba."

Sai na tambaye ta abin da na shekara huɗu ina taunawa. Na ce, "Kin yafe mini?"

Ta ce, "Tun ranar. Zauna, akwai magana." Ta ce autarta Zainabu ta gama sakandare, ta sami jami'a a gida, yarinyar da Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, ba ta san kowa ba, ba ta san hanya ba. Anti tana da 'yan'uwa a Gusau, tana da ƙanne a Kano. Ta ce, "Wajenki za ta zauna."

Na ce, "Ni? Ni da aka hana ni itace?"

Ta ce, "Ita tana da baki. In kin cika mata ruwa za ta gaya miki." Ta ƙara da cewa, "Kuma na ga kin zauna gaban rediyon nan. Na san in wani abu ya same ta, zan ji daga bakinki."

Shekara shida Zainabu ta yi a ɗakina. Ta sha ruwa, ba ta ruɓe ba. Likita ce yanzu a Riyadh, a gidanta Anti ta ƙarasa kwanakinta.

Ni kuma ban koma ba. Kullum sai na ce baɗi, in na je Umra zan biya. Na je Umra sau biyu ban biya ba. Murya kawai muke aika wa juna a waya. Wannan haushin nawa ne, ba na neman wanda zai rarrashe ni a kansa.

Kaset ɗin Ummu Sa'id sun daina zuwa da daɗewa. Mai turaren ya rufe shago. Ba mu san ko tana raye ba. Anti ba ta daina riƙo ba. An ce mini Dogo ya fi mutum tsawo yanzu, har yau bai yi reshe ba, kuma ko a makon nan da jiki ya ƙi, sai da ta sa aka tura kekenta na marasa lafiya zuwa wajensa.

Ya Allah, baiwarka Balaraba an ce mata ta riƙe, ta riƙe. Ka riƙe ta. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya mata shi. Jariran da ta karɓa da hannunta, da baƙin da ta ciyar, da masu kaifin baki irina da ta yi haƙuri da su, ka sa su zama shaida a gare ta. Ka ba Zainabu da 'yan'uwanta haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ba na son hoton fure, ba na son hoton fuska mai hawaye. In kun idar da sallah yau, ku ɗaga hannu ku ambaci Balaraba. Ku ƙara da Ummu Sa'id, ko tana duniya ko ta riga mu. Ku ƙara da wata tsohuwa Salma, 'yar Sukutura, wadda ba ku sani ba, ni ma ban san ta ba. Shekara talatin ke nan ina kiran sunanta ni kaɗai. Yau ku taya ni.

Allah ya jiƙansu. Amin.